Yadda ake haskaka salo mai duhu ba tare da an fasa bango ba

Duk wanda ya kira ni aikin fenti a garin nan na Maradi ya ce salonsa, wato ɗakin zama, ya yi duhu, kafin in iso na san abin da zan tarar. Ya riga ya sayo ampul, wato ƙwan fitila, biyu ko uku ya ƙara, kuɗin kuran, wato lantarki, ya hau, ɗaki kuma yana nan kamar cikin rumbu. Bango ne ke shanye hasken. Farin bango yana maido kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka kansa, shuɗi ko kore mai duhu kuwa ko kashi 20 ba ya maidowa. Saboda haka fitila ita ce ta ƙarshe a wannan aiki, kuma haka zan jera maka shi.

Da farko ka samu rana guda ka duba ɗakin sau uku: da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, fitilu a kashe. Gine-ginenmu na Maradi, daga Bagalam har sababbin gidajen Unguwar Zariya, an yi su ne don a guje wa rana. Taga ƙarama ce, an yi mata ganyen ƙarfe, an sa raga, sannan an kafa rumfar kwano a gabanta. Ba laifin magina ba ne, wanda ya san zafin watan Afrilu da Mayu ba zai yi musu gardama ba. Amma kafin ka kashe ko dala, ciro ragar nan ka wanke ta da burushi. Ƙurar hunturu ta shekara biyu in ta liƙe mata, labule ce mai zaman kanta. In reshen dogon yaro ya rufe tagar, a sassabe na ƙasa kawai, a bar na sama ya yi inuwa. In kuma katanga ce ke fuskantar tagar, sayi farar ƙasa ka shafe ta. Wannan ita ce dabara mafi araha da na sani: katangar za ta riƙa cillo haske cikin ɗaki ba tare da zafin rana ya biyo shi ba.

Sai bango, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka, don a nan mutane ke zubar da kuɗinsu, a nan ni ma na zubar da na wani.

Aikina na farko da na karɓa ni kaɗai, salon wani dattijo ne, bangon an yi masa fenti mai mai, shuɗi mai ƙyalli, irin wanda aka yi yayi a da. Na kawo farin fom, wato fentin da ake damawa da ruwa, na bi kansa hannu uku. Ranar ɗaki ya yi fes, aka sallame ni da godiya. Ba a yi wata biyu ba ya aiko. Duk inda kujera ta goga, fentin ya ɗaye kamar ɓawon albasa, jikokinsa kuma sun samu abin yi, suna jan sa da farce. Mutumin bai ɗaga mini murya ba, cewa kawai ya yi, “Yaro, zo ka ga aikinka.” Na kankare bangon nan kwana huɗu, na sake saye da kuɗina. Fom ba ya kama fenti mai ƙyalli, domin ba shi da inda zai riƙe.

To ka fara sanin abin da ke jikin bangonka. Jiƙa tsumma ka goga da ƙarfi. In launi ya biyo tsumman, farar ƙasa ce ko fom mai araha. In ka yayyafa ruwa ya tsaya ɗigo-ɗigo ya gangara bai shiga ba, mai mai ne.

In mai mai ne, wanke bangon da ruwan omo tukuna, musamman kusa da inda ake ajiye kaskon turaren wuta, don hayaƙi yana barin maiƙo. Ɗauraye da ruwa mai kyau, bari ya bushe. Sannan ka bi shi da samfefa har ƙyallin ya mutu gaba ɗaya. Ba sai ka cire fentin ba, dishe shi kawai ake so, har in ka shafa tafin hannu ka ji ba santsi. Ka ɗan jiƙa bangon yayin gugar, ka ɗaure hanci da baki, a fitar da yara da mai ciki daga sashen, domin tsofaffin fentin mai da yawa suna da dalma a ciki, ƙurarta kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a yi da tsintsiya. Bayan nan sai hannu ɗaya na fentin shimfiɗa, wanda a jikin gwangwani za ka ga an rubuta sous-couche, ko primer in ta Jibiya ya shigo daga Najeriya. Ka gaya wa mai kanti cewa kan fentin mai za ka sa, don iri-iri ne. Na sha ji ana cewa wannan ɓarnar kuɗi ce. Wanda ya tsallake shi zai yi hannu huɗu na fom shuɗin yana leƙowa, kuɗin da ya yi gudun kashewa ya kashe shi ninki.

In farar ƙasa ce a jiki, kankare ta da wuƙar fenti har ka daina ganin gari a hannunka. Ramukan ƙusa da tsaga a cike su, su bushe, a goge. In gindin bango yana kumbura yana fitar da farin gishiri, danshi ne, kuma babu fentin da zai zauna a kai sai an gano inda ruwan ke shigowa, ko indararo ne ko makwararar tsakar gida. Sabon yaɓen siminti kuwa a ba shi mako huɗu. Lokacin da na fi so ga aikin duka shi ne bayan ɗaukewar damina, wajen watan Oktoba, bango ya sha iska, ƙura kuma ba ta taso ba. Wanda ya yi fenti cikin tsakiyar hunturu taga a buɗe, ja-ja zai same shi da safe.

Launi: silin fari tas, babu shawara a nan. Ko na katako ne da aka shafa wa banis, ko na siminti ne, a mai da shi fari. Silin mai duhu kamar murfin tukunya yake. Bango kuwa ba na sa masa fari tas a Maradi, saboda ƙasarmu ja ce, wata uku ya isa ya nuna kowane yatsa. Ruwan madara nake sa wa, fari da aka ɗiga wa rawaya kaɗan. Dama launin duka lokaci guda a babban bokiti, domin in ka yi kashi-kashi ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. Shafa kamu biyu a bangon da ya fi duhu, bari ya bushe, ka dube shi da rana da dare kafin ka ci gaba. Kada ka yarda a ce maka mai ƙyalli ya fi haske. Walƙiya yake yi a ido, ya kuma tona duk wani tudu da kwari na yaɓe. In akwai yara, yi wa mita ɗaya ta ƙasa fenti mai wankuwa, amma da launin da ya yi kusa da na sama. Wannan baƙin ɗamara ko ruwan ƙasa da ake zagaye ɗaki da shi, rabin aikinka yake cinyewa.

Ga lissafi. Salo mai mita 4 da 5, tsayinsa mita 3, in ka cire ƙofa da taga ka haɗa da silin, kana da wajen murabba'in mita 68. Hannu biyu zai ci kamar lita 15. Kada ka bari a tsinka fom da ruwa don ya yaɗu, abin da aka rubuta a bokiti shi za a bi. Fara da silin, ka sauko, kuma hannu na farko ya bushe sarai kafin na biyu.

Kayan ɗaki kuma, a nan sai an haɗa da uwargida, don ita ke da ɗakin. Hajiya, labulen nan mai kauri ruwan hanta da aka yi miki jere da shi, ba cewa na yi ki jefar ba. Ki yi biyu: shara-shara fari a ciki wanda zai wuni a sake, ya tsare idon mai wucewa, mai kaurin kuma a ja shi gefe sai dare. Sandar labulen ta wuce taga da taƙi guda kowane gefe, yadda in an ja shi zai tsaya kan bango, ba kan taga ba. Kabad ɗin kwanoni ko na talabijin, in yana gefen taga ya tare hanya, a mai da shi bangon da ke nesa. Kujerun da suka yi duhu ba sai an sake su ba, tela zai ɗinka musu riga mai haske wadda ake cirewa a wanke, ko a jefa musu fararen matasai. Kafet mai duhu daga bango zuwa bango ni ba na ƙaunarsa, ga shan haske ga tara ƙura. Karo, wato tayil, mai haske ko leda ruwan madara, da ƴar darduma a tsakiya, sun fi. Madubi babba ɗaya a bangon da ke gefen taga ko mai fuskantarta ya isa, amma a kauce wa bangon gabas in a ɗakin ake salla. Kalandu da hotunan da suka cika bango a rage su.

Yanzu fitila. Daina tambayar wat, duba lumen a jikin kwali, shi ne ma'aunin yawan haske. LED mai wat 9 yana ba da wajen lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Salon da muka yi lissafinsa yana son lumen 3000 zuwa 4000, wato irin wannan huɗu ko biyar, kuma a raba su. Ɗaya ƙato a tsakiya yana barin kusurwoyi cikin duhu, yana kuma kashe ido. Sa biyu a sama, biyu a bango suna kallon silin, ɗaya kusa da inda ake karatu, makunninsu daban-daban. Akwai wata lamba kuma mai K a ƙarshe, ita ke nuna launin hasken: 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwa, 3000K ja-ja ne, ni 4000K nake sa wa kan ruwan madara. Kowanne ka zaɓa, kada ka gauraya su a ɗaki ɗaya. Kada fitila ta zauna saman fanka, inuwar fukafukai za ta riƙa yankan ɗakin har kai ya yi ciwo. Guda ɗaya ta zama mai caji ko ta sola saboda daren da babu wuta, kuma duk abin da ya shafi jan waya a kira mai aikin lantarki. Da hunturu a riƙa goge ƙwayayen da busasshen tsumma duk mako biyu, bayan an kashe sun huce.