Babi na 7: Sayen Wasan Bidiyo a Kantin Intanet da Gane Wanda Ba a Gama Ba

Wannan babi na mai saya wa kansa wasa ne, da kuma uba ko uwar da yaro ke miƙo wa waya yana roƙon a biya masa. Kantunan da za mu yi magana a kansu su ne Steam da Epic da GOG na kwamfuta, PlayStation Store da kantin Xbox da Nintendo eShop na na'urorin wasa, sai Google Play da App Store na waya. A cikinsu babu wanda ya ɗauki alkawarin cewa duk abin da ya baje an gama shi. Mutane da yawa ba su san haka ba sai bayan kuɗi ya fita.

Me ya sa ake sayar da abin da ba a gama ba?

A zamanin kaset da faifai, abin da aka buga ya bugu. Kuskure kan bi kaya har gidan mai saye, babu hanyar bin sa a gyara. Duk da haka an yi ta gaggawa. A 1982 kamfanin Atari ya ba mutum ɗaya kimanin mako biyar ya haɗa wasan E.T. don a riski kasuwar Kirsimeti. Wasan ya fito babu daɗi, masu saye suka riƙa mayarwa, a 1983 kuma kasuwar wasanni ta Amurka ta durƙushe, har kamfanin ya binne tulin kaset a wani juji a garin Alamogordo. Da Nintendo ta shigo bayan nan sai ta ɗaure ƙofa: ba a sayar da wasa na na'urarta sai da hatiminta, kuma kamfanin waje ba ya wuce wasa biyar a shekara.

Intanet ta sauya lissafin. Yau kamfani na iya sakin wasa da safe ya aiko da faci, wato gyaran da ake saukarwa, da yamma, facin da wani lokaci kan kai gigabait goma ko fiye, kuma mai saye ne zai saukar da shi da datarsa. Tun da akwai damar gyara daga baya, sai ranar da aka sanar ta fi ingancin aiki ƙarfi. An kashe kuɗin talla, an karɓi kuɗin masu biya tun kafin fitowa, masu hannun jari suna jiran lissafin ƙarshen shekara. Gwajin neman kura-kurai shi ne aikin ƙarshe, saboda haka duk lokacin da aka ɓata a baya daga cikin nasa ake yankewa. A kwamfuta matsalar ta fi yawa, domin na'urorin mutane iri-iri ne, kuma wasan da ya yi lafiya a ofishin masu shi yana iya maƙalewa a kan wani katin hoto (ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto a allo) da ba su gwada ba.

Ba duka ne iri ɗaya ba

Akwai wanda masu shi suka faɗi gaskiya tun farko. A Steam ana rubuta masa Early Access a cikin wani shuɗin akwati a saman shafi, tsarin da aka fara a 2013. Ma'anarsa ana kan aiki, kuna biya ne ku buga abin da ke akwai a yau. Wasu manyan wasanni ta wannan hanya suka girma: an sayar da Minecraft a shafinsa tun 2009 kafin a kammala shi a 2011, Baldur's Gate 3 kuma ya yi kusan shekara uku a haka, daga 2020 zuwa 2023. Wasu kuwa an watsar da su a tsakiyar hanya. Steam da kanta tana gargaɗin cewa wasa irin wannan yana iya ƙin kammaluwa, kuma ba ta tilasta wa kowa ya ƙarasa.

Na biyu shi ne wanda aka sayar da cikakken kuɗi da sunan an gama, alhali a karye yake. Wannan ya fi ɓata rai. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, bayan mutum miliyan 8 sun riga sun biya. Masu sharhi kafin fitowarsa na kwamfuta kawai aka ba su. A kan PlayStation 4 da Xbox One sai ga hoto yana tsinkewa, wasa yana rufe kansa. Cikin kusan mako ɗaya Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga kantinta, bai dawo ba sai Yuni 2021. Kafin shi, a Yuni 2015, an dakatar da sayar da Batman: Arkham Knight na kwamfuta har zuwa Oktoba saboda irin wannan.

Na uku ma ba wasa ba ne na gaske. Mutum ya sayi gidaje da bishiyoyi da mutum-mutumi da wasu suka zana don sayarwa, ya harhaɗa su cikin 'yan kwanaki, ya laƙaba suna da hoto mai ɗaukar ido. A 2017 Valve, mai kantin Steam, ta share wasanni 173 na wani kamfani guda, Silicon Echo, a lokaci ɗaya.

Abin da kanti ke dubawa, da abin da ba ya dubawa

Tun Yuni 2017 duk mai son sa wasa a Steam yana biyan dalar Amurka 100 a kan kowane wasa, ya cike takardun haraji da na banki. Ana mayar masa da kuɗin in wasan ya yi cinikin dala 1,000. Ma'aikatan kantin suna duba cewa wasan yana tashi, kuma abin da aka rubuta a shafi ya yi daidai da abin da ke ciki. Ba sa buga shi daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba za su iya ba: a 2023 kaɗai wasanni fiye da 14,000 suka shiga kantin. Ku tuna kuma kanti yana cin kashi 30 cikin ɗari na yawancin ciniki, don haka yawan kaya ba ya cutar da shi.

Tantancewar Sony da Microsoft, mai Xbox, da Nintendo ta fi tsauri, amma ita ma ta ƙa'idojin na'ura ce. Me wasa ke yi in batirin abin sarrafawa ya mutu? Yana lalata ajiyar mai wasa, wato matakin da ya kai ya adana? Yana cutar da na'urar? Ba a tambayar ko labarin ya ƙare ko wasan yana da daɗi. Cyberpunk ya wuce wannan tantancewa kafin a cire shi. A waya kuwa, dala 25 sau ɗaya ke buɗe asusun mai sayarwa a Google Play, Apple kuma dala 99 a shekara. Google ta ƙara sharaɗi ga sababbin masu sayarwa masu zaman kansu cewa sai mutum 12 sun gwada manhajarsu na kwana 14. Wannan yana rage shara, bai kawar da ita ba.

Kafin ku biya

Kada ku biya tun wasa bai fito ba. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma kayan intanet ba ya ƙarewa balle a ce ana rububi. Kyautar da ake haɗawa da biyan wuri, riga ko makami a cikin wasa, ba ta kai haɗarin ba. Jiran kwana uku zuwa bakwai ya isa gaskiya ta fito.

In ya fito, ku gangara zuwa ra'ayoyin masu saye. A Steam launi ma yana taimakon wanda karatunsa bai yi nisa ba: shuɗi na nufin kashi 70 cikin ɗari ko fiye sun yaba, ruwan ƙasa na nufin tsakanin 40 da 69, ja-ja kuma ƙasa da haka. Layi biyu ne, ɗaya na duk ra'ayoyi tun farko, ɗaya na kwana 30 da suka wuce. Na biyun ya fi amfani. No Man's Sky ya sha suka sosai a 2016, masu shi suka yi shekaru suna gyara kyauta har ya zama abin yabo. Akwai kuma wanda ya fara da kyau sabon faci ya lalata shi. A jikin kowane ra'ayi an rubuta awoyin da mai shi ya buga. Maganar mai awa 40 ta fi ta mai minti 20 nauyi. Ku fi karanta na masu ƙorafi, ku ga ko abu ɗaya suke maimaitawa. In mutum goma sun ce ajiya tana ɓacewa, to tana ɓacewa.

Bidiyon talla ba shaida ba ne. Ku nemi wanda wani mai wasa ya ɗauka da kansa, a kan irin na'urarku, ba yankewa. The Day Before ya tara jama'a da tallace-tallace masu kyau, ya fito ranar 7 ga Disamba 2023 a kan kusan dala 40, bayan kwana huɗu kamfanin Fntastic ya sanar da rufewa. Da yake wasan ya dogara ne da manyan kwamfutocin kamfani, da aka kashe su a Janairu 2024 babu wanda ya sake iya buga shi.

Ga wasan Early Access, ku duba ranar sabuntawa ta ƙarshe. Tun 2025 Steam tana sa gargaɗi a shafin wanda aka daɗe ba a taɓa ba. Tambayar da za ku yi wa kanku ɗaya ce: in ba a ƙara komai ba daga yau, abin da ke nan ya kai kuɗinsa?

A ƙarshen shafi akwai jerin abin da kwamfuta ke buƙata: ram, katin hoto, da gurbin ajiya. Ginshiƙi biyu ne, mafi ƙaranci da wanda aka ba da shawara. Ku auna na'urarku da na biyun, domin na farkon sau da yawa tashi kawai yake nufi.

Agogon mayar da kuɗi

Tun Yuni 2015 Steam tana mayar da kuɗi bisa sharaɗi biyu, kuma sai duka biyun sun cika: ba a wuce kwana 14 da saye ba, ba a kuma buga awa 2 ba. Epic ma haka. GOG tana ba da kwana 30 ko da an buga. PlayStation tana ba da kwana 14, amma da zarar kun fara saukarwa dama ta tafi, sai in wasan lalatacce ne. Nintendo a galibi ba ta mayarwa. A Google Play ku nema cikin awa 48, bayan nan sai dai ku bi mai wasan. Dokar ƙasa tana iya ba ku fiye da abin da kanti ya rubuta: a 2016 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci Valve tarar dalar ƙasar miliyan 3 saboda yadda ta bayyana wa masu saye haƙƙinsu na mayarwa.

A nan ne aka fi yin asara. Awa biyun nan ana ƙirga su ne muddin wasan yana buɗe, ko kuna bugawa ko kun tafi cin abinci. Lokacin da ya ɗauka yana shirya hotuna a tashin farko yana ciki, zaɓen fuska da gashin jarumi yana ciki, har ƙaramar tagar da wasu wasanni ke buɗewa kafin su fara tana iya shiga lissafi in aka manta ba a rufe ta ba. Saboda haka ku saita ƙararrawar waya a kan minti 90, ku yi gwaji da gangan. Ku tsallake kwalliyar jarumi. Ku kai shi wurin da mutane ko motoci suka yi yawa ku ga ko hoto zai riƙa tsayawa. Ku ajiye wasa, ku rufe shi gaba ɗaya, ku sake buɗewa ku ga ko ajiyar tana nan. In ana buga shi da wasu ta intanet, ku gwada shiga ko sau biyu. In ƙararrawa ta buga kuna cikin shakka, ku rufe.

Neman kuɗin a Steam haka yake:

1. Ku shiga help.steampowered.com da asusunku.
2. Ku taɓa wurin da aka rubuta Purchases, wato sayayyarku, ku zaɓi wasan.
3. Ku zaɓi matsalar, sannan layin neman a mayar da kuɗi.
4. Ku zaɓi inda kuɗin zai koma, jakar Steam ko katin da aka biya da shi. In kun zaɓi jakar Steam, a kantin kawai za ku iya kashe shi.
5. Ku rubuta dalili a taƙaice, kamar "yana rufe kansa duk minti goma", ku aika.

In an amince, kuɗi kan fito cikin mako ɗaya, kodayake banki na iya ƙara jinkiri. Wanda ya ɗan wuce awa biyu ma yana iya nema, ana dubawa, amma babu tabbas. Lambar wasa da aka saya a wani shafi daban aka shigar a Steam ba ta cikin wannan tsari, haka yawancin kayan da ake saye a cikin wasa. Wanda kuma ya mayar da neman kuɗi sana'a, yana saye yana bugawa yana mayarwa, ana iya rufe masa ƙofar. Iyaye su sa wayar ta riƙa neman kalmar sirri ko yatsa kafin kowane biya, domin wa'adin mayar da kuɗi kan wuce kafin a lura yaro ya sayi wani abu.

Aikin aji

(a) Wata mata ta sayi wasa a Steam ranar 3 ga wata. Ta buga minti 50 a ranar farko, minti 45 a ta biyu. Yau 15 ga wata. Za ta iya neman kuɗinta? Minti nawa suka rage mata?

(b) Wani ya sayi wasa a PlayStation Store jiya, ya saukar da shi, wasan yana aiki lafiya amma bai yi masa daɗi ba. Me ƙa'idar kantin ta ce?

(c) Ku zauna bibbiyu, ku buɗe shafin wasa ɗaya mai alamar Early Access. Ku rubuta a littafinku farashinsa, launin ra'ayoyin kwana 30, ranar sabuntawa ta ƙarshe, da ƙorafin da aka fi maimaitawa. Ku kawo a darasi na gaba.