Yadda ake karɓa da biyan tarar gudun wuce ƙima idan ka tuƙa mota a ƙasar waje

A yawancin ƙasashen da mutanenmu ke zuwa su ɗauki motar haya, Faransa ce ko Ingila, Dubai ce ko Saudiyya, ba ɗan sanda ne ke tsayar da mai gudu ba. Kyamara ce a gefen titi take ɗaukar lambar motar, direba ya wuce bai ma san an yi ba. Sai ya dawo gida, ya raba tsaraba, ya manta da tafiyar, sannan saƙon banki ya shigo cewa an cire masa kuɗi, ko wasiƙa ta iso da harshen da ba ya ji. A nan mutane kan kasu biyu: masu firgita su tura kuɗi ga duk wanda ya nema, da masu cewa ai na riga na bar musu ƙasarsu, in sun isa su biyo ni. Duka biyun asara suke janyo wa kansu. Zan bi matakan ne da misalin Faransa, don tsarinta a rubuce yake dalla-dalla, in kuma taɓo inda sauran ƙasashen suka sha bamban.

Mataki na farko: tun a teburin kamfanin haya

Batun tara yana farawa ne tun kafin a miƙa maka makulli. Adireshin da ka rubuta a takardar yarjejeniya shi ne wanda kamfanin zai ba hukuma. Kada ka sa adireshin otal, domin kafin takardar ta fito ka tafi. Ka ba da adireshin da wasiƙa ke isa hannunka da gaske, da imel ɗin da kake buɗewa kullum. Idan za ku riƙa karɓa-karɓar tuƙi da abokin tafiya, a rubuta sunansa cikin direbobin motar. Ka ɗauki hoton yarjejeniyar da lambar motar a wayarka, ka tabbata an rubuta ranar da sa'ar da ka karɓa da wadda ka mayar.

Sai ka san iyakar gudun ƙasar. A Faransa babbar hanya kilomita 130 ce a sa'a, in ana ruwa ta koma 110. Hanyar karkara mai hannu biyu 80 ce tun watan Yulin 2018, ko da yake wasu yankuna sun mayar da nasu 90. Cikin gari 50. Abin da ya fi kama baƙi shi ne allon sunan ƙauye, fari mai jan baki: da zarar ka wuce shi ka shiga dokar 50, ko ba ka ga wani allo mai lamba ba. Galibin titunan birnin Paris kuwa 30 ne tun 2021. A Ingila da mil suke lissafi, 70 ɗin da ke kan babbar hanya kusan kilomita 113 ke nan.

Mataki na biyu: ka gane kuɗin da aka fara cire maka

Wannan shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya a kai.

Kyamara lambar mota ta sani, ba ta san ka ba. A Faransa hoton yana tafiya cibiyar da ke garin Rennes, hukumar da ake kira ANTAI ta aika takarda ga mai motar, wato kamfanin haya. Kamfanin ya duba littafinsa, ya ga a hannunka motar take a wannan rana da wannan sa'a, sai ya miƙa wa hukuma sunanka da adireshinka da lambar lasinka. A kan wannan aikin na duba littafi da aika suna, kamfanin zai ciri kuɗin ɗawainiya daga katin da ka bar masa, kamar yadda aka rubuta a yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Kuɗin nan ba shi ne tarar ba. Na kamfani ne, ko sisi bai shiga aljihun gwamnati ba. Mutum zai ga an zare masa wasu Yuro, ya ce alhamdu lillahi an wuce wurin, alhali ainihin tarar tana nan tafe da sunansa, kwanakinta kuma sun fara tafiya. Saboda haka da ka ga an ciri kuɗi, rubuta wa kamfanin ka yi masa tambaya uku: wannan kuɗin na mene ne, kun biya tarar a madadina ne ko sunana kawai kuka miƙa, kuma ina kwafin takardar da hukuma ta aiko muku? Ka nemi amsar a rubuce. A Dubai abin ya ɗan bambanta, domin can kamfanonin haya kan riƙe kuɗin ajiyarka na wasu makonni bayan ka mayar da mota, su biya tarar daga ciki su ƙara nasu a kai. Ko a can ma ka nemi takardar da ke nuna lambar tarar da ranarta, ka gwada da kwanakin da motar take hannunka.

Mataki na uku: ka tabbatar takardar ta gaskiya ce

'Yan damfara sun daɗe da gano cewa kalmar tara tana kaɗa hantar mutum. Saƙonnin waya na bogi da sunan ANTAI sun yi yawa, har hukumar kanta tana yawan jan kunnen jama'a a kansu. Takardar gaskiya tana ɗauke da lambar motar, da wurin, da ranar, da sa'ar, da lambar takardar kanta. Saƙon da ya ce kawai kana da tarar da ba ka biya ba, danna nan kafin gobe, ba tare da waɗannan bayanai ba, share shi. Ko da saƙon ya yi kama da na gaske, kada ka bi mahaɗin da ke cikinsa. Rubuta adireshin shafin gwamnati da hannunka: amendes.gouv.fr don biya, antai.gouv.fr don duba matsayin takardar ko shigar da ƙorafi.

Mataki na huɗu: karanta lambobi da wa'adi

A saman takardar Faransa za ka ga an rubuta Avis de contravention. Ko ba ka jin Faransanci, gudu iri uku za ka nema a ciki: iyakar da doka ta sa a wurin, gudun da kyamara ta auna, da gudun da aka riƙe a kanka. Na ukun ne ake hukunci da shi, domin kyamarar da ke kafe ana rage mata kilomita 5 idan gudun bai kai 100 ba, ko kashi 5 cikin ɗari idan ya haura. Wanda aka auna a 98 a hanyar 90, 93 za a rubuta masa. Kilomita uku kacal, amma tara ce.

Idan abin da ka ɗora bai kai kilomita 20 ba, a hanyar da iyakarta ta wuce 50, tarar Yuro 68 ce. In ka biya da wuri ta sauko 45, in ka bari wa'adi ya wuce ta haye 180. A cikin gari kuwa, inda iyaka take 50 ko ƙasa da haka, 135 ce, da wuri 90, a makare 375. Ga mai lissafi da sefa, Yuro 45 kusan 29,500 ne, 180 kuwa ya haura 118,000. Laifi ɗaya, ninki huɗu, jinkiri kawai ya raba su.

Wa'adin rangwame kwana 15 ne, ya zama 30 ga mai biya ta intanet. Cikakkiyar tara tana da kwana 45, ko 60 ta intanet. Wanda aka aika wa takarda zuwa ƙasar waje doka ta ƙara masa wata guda a kai. Sai dai lissafin yana farawa ne daga ranar da ke jikin takardar, ba ranar da ta iso hannunka ba, kuma duk wanda ya taɓa jiran wasiƙa daga Turai zuwa Kano ko Damagaram ya san wata guda ba wani abu ba ne a hanya. Shi ya sa na ce a matsa wa kamfani lamba tun a mataki na biyu, kada a zauna jiran mai kawo wasiƙa.

Mataki na biyar: biya ko ƙorafi, ka yanke kafin ka taɓa kati

A Faransa biyan tara amsa laifi ne. Da ka biya, ƙofar ƙorafi ta rufe. Don haka ka fara duba yarjejeniyarka: ranar da sa'ar sun faɗa cikin lokacin da motar take hannunka? Ka bi ta wannan garin? Idan wani ne ke tuƙi a lokacin, kada ka biya, shiga shafin ANTAI ka ba da sunansa, za a fitar masa da takardarsa. Idan motar ba ta hannunka sam, ka tura kwafin yarjejeniyar haya. Idan kuwa kai ne amma kana jayayya da laifin, sai ka fara ajiye kuɗi daidai da tarar kafin a saurare ka, a mayar maka in ka yi nasara. Kana da damar neman hoton da kyamara ta ɗauka, amma nemansa ba ya tsayar da wa'adi.

Ra'ayina a nan a fili yake: in ka san kai ne, kuma ƙaramar tara ce, biya cikin kwanakin rangwame ka huta. Shari'a daga nesa, da harshen da ba naka ba, a kan Yuro 45, wahalarta ta fi ribarta.

Mataki na shida: biyan kansa

A takardar akwai lambar biya ta intanet da ɗan mabuɗinta, wato wata gajeriyar lamba da ke tare da ita. Ka shigar da su a shafin gwamnati, adadin kuɗin zai fito, ka biya da kati. Matsalar mutanen Najeriya ita ce katin Naira ba kullum yake wucewa a biyan ƙasar waje ba, wani lokaci kuma banki ya ƙayyade abin da za a iya kashewa. In ya ƙi, gwada katin asusun dala, ko ka tura wa ɗan'uwa amintacce da ke can lambobin ya biya maka, domin ba a sharɗanta sai da katin mai laifin ba. Kada ka ba wani ɗan tsakiya da ka gani a Facebook yana tallar biya wa mutane tara.

Ka sauke rasit nan take, ka adana shi a imel, ka kuma buga kwafi ka haɗa da takardun tafiyarka. In wata rana takardar ƙarin tara ta biyo baya bisa kuskure, shi ne shaidarka.

Inda sauran ƙasashe suka bambanta

Ingila sai an yi hattara. Takardar farko da 'yan sanda ke aikowa tambaya ce: wa ke tuƙi? Kana da kwana 28 ka amsa, kuma ƙin amsawa laifi ne mai zaman kansa, wanda hukuncinsa yakan fi na gudun nauyi. Mafi ƙarancin tarar gudu fam 100 ne da makin laifi uku da ake rubutawa a kan lasin. Takardar neman bizar Birtaniya kuma tana tambaya a kan hukuncin laifin tuƙi, to ka faɗi gaskiya in an zo wurin.

Italiya tana da kwana 360 ta sanar da wanda ke zaune a ƙasar waje, saboda haka takarda na iya zuwa kusan shekara bayan tafiya kuma ta zama halattacciya. Mai biya cikin kwana biyar da karɓa ana rage masa kashi 30 cikin ɗari a yawancin ƙananan laifuka. Wasu ƙananan hukumomin can suna ba kamfanoni masu zaman kansu aikin karɓar kuɗin, don haka ganin sunan kamfani a wasiƙa ba lallai damfara ba ce, sai dai ka tabbatar daga shafin 'yan sandan garin.

A Saudiyya, masu zuwa Umara su ɗauki mota tsakanin Jidda, Makka da Madina su san da Saher, tsarin kyamarorin da ya fara aiki a 2010. Ana duba tara ta Absher, shafin hidimomin gwamnati na intanet, a biya ta SADAD, tsarin biyan kuɗi da ke bankunan ƙasar. Ya fi sauƙi ka sa kamfanin haya ya duba maka a gabanka ranar da za ka mayar da mota, ka biya kafin ka tashi. A Daular Larabawa kuma akwai tarko tsakanin birane biyu: a Dubai an saba kyamara ba ta kamawa sai an ɗora kilomita 20 a kan abin da ke allo, amma Abu Dhabi ta soke wannan sassauci tun 2018, abin da ke allo shi ne iyaka. Mai fitowa daga Dubai da ƙafarsa a kan totur yakan kwashi tara tun bai shiga gari ba.

Idan ka yi biris fa?

Tarar ba ta mutuwa don ka hau jirgi. A Faransa za ta haye matakin ƙarshe, ta zama bashin baitulmali da sunanka. Masu zaune a Jamus ko Beljiyam da motarsu ta kansu su ma ba su tsira ba, domin ƙasashen Tarayyar Turai suna musayar bayanan masu motoci a kan laifukan hanya, ƙarƙashin dokar 2015, wasiƙa za ta same su har gida.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai masaukin da ya ba baƙo aron motarsa. Takardar da sunansa za ta zo, kuma in kunya ta hana shi faɗar wanda ke tuƙi, shi zai biya, makin ma a lasinsa za a rubuta, alhali wataƙila da lasin nan yake neman abincinsa. Idan motar ɗan'uwa ka ara, ka bar masa kwafin lasinka da adireshinka kafin ka tafi, ka ce masa kai tsaye: in takarda ta zo, ka ba da sunana, ka turo mini lambobin ranar da ta iso.