Yadda Ake Karanta Tsohon Gidan Ƙasa a Lungunan Katsina

A lungunmu, wanda in ka hau soron kowa za ka hango Hasumiyar Gobarau, gidajen ƙasa na asali da suka rage ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ina yaro duk lungun kalar makuba ne, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa bango. Yau bulo da kwano sun cinye shi, kuma ban ga laifin kowa ba, don wanda ɗaki ya taɓa yi wa yoyo a tsakiyar watan Agusta ba ka zaunar da shi ka yi mashi wa'azin al'ada. Amma tun da na ajiye alli na ɗauki wata ɗabi'a: ina bi gida-gida ina rubuta abin da gini ya nuna mani da abin da masu gidan suka faɗa mani. Wasu samari sun tambaye ni yadda nake yi don su gwada a unguwanninsu, to ga iya abin da na sani.

Kada ka fara da tef ɗin awo. Ni da shi na fara, na kuwa sha kunya. Na je gidan wani dattijo da safe, muka gaisa sama-sama, na ja tef daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin azahar labari ya zagaye lungu cewa za a fasa hanya, an turo ni awon diyya. Wasu suka ce a'a, magada ne suka kai ƙara wurin alƙali. A garin nan mutum biyu ne aka sani da auna tsohon gida: mai rabon gado da mai rusau. Saboda haka ka fara da mai unguwa, ka gaya mashi abin da ya kawo ka. Sannan ka sami mai gida bayan la'asar, in ya fito dakali. Ka riƙe ɗan goro. Ranar farko ko littafi kada ka fiddo. Kuma in kai namiji ne iyakarka zaure, cikin gida sai ƙanwarka ko mai ɗakinka ta shigar maka. Kada ka ɗauki wannan asara, za ka ga dalili nan gaba.

Ranar da aka yarda maka, tsallaka ɗaya gefen lungun ka tsaya ka ƙare wa fuskar gidan kallo. Ka zo da hantsi ko da yamma lis, lokacin da rana ke dukan bango a karkace. Da tsakar rana zane ɓacewa yake yi, a ido da a hoto duka. Tsohon bangon tubali mai kauri ne a gindi, yana hawa yana sirancewa, har ka ga kamar ya ɗan jingina baya. In akwai inda yaɓe ya zube, leƙa ciki. Tubalin da aka mulmula da hannu gindinsa faɗi, kansa tsini, an jera shi kai sama, an cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawar ramno. In ka ga bulon ƙasa mai kusurwa huɗu wanda aka buga da akwati, wannan sashen ƙari ne na baya. Bango ɗaya na iya ɗauke da hannun kaka da na uba da na jika, kuma wurin da suka haɗu yakan bar tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa.

Daga nan ɗaga kai ka ga rawanin soro da zankwaye. Mutane na ɗaukar zanko ado ne kawai, amma wani tsohon magini ya gaya mani nauyinsa na danne kusurwa, wurin da ruwa ya fi ci, kuma a nan suke maƙala igiya in za su yi yaɓe. Ka ƙirga indararo, ka rubuta na mene ne. Na gasasshiyar ƙasa da na rarakakken itace sun girmi na kwano.

Zane kuma yana da ruɗi. Mai zuwa kallo yakan ce gidan da ya fi ado a waje shi ya fi tsufa. A abin da na gani sau da yawa akasin haka ne. Mutanen da sun fi zuba gwaninta a cikin zaure da turaka, su bar waje shafe sai ɗan abin da ba a rasa ba a bakin ƙofa. In ka ga keke ko agogo ko jirgin sama a cikin zanen, ba sai an gaya maka ba, aikin ƙarni na 20 ne, tunda magini ba ya zana abin da bai taɓa gani ba. Haka in an karce zanen a kan siminti an bi shi da fenti. Dagi da takobi da allo ba su ba ka shekara, don kowane zamani an yi su.

Yanzu shiga zaure, ka tsaya har idonka ya saba da duhu, sannan ka kalli rufi. A nan ne ainihin karatun yake, kuma in ka gane abu ɗaya tak sauran duk za su buɗe maka: azara ba ta ɗaukar tazara mai tsawo. Ita dai giginya ce aka faskara, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika damun ta ba. Amma in ka ɗora mata ƙasa mai nauyi, tazarar da za ta ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba kamar ƙafa shida ce. Duk wata dabara da za ka gani a saman kanka amsa ce ga wannan matsala. Talaka ya yi ɗaki siriri, ya shimfiɗa azara daga bango zuwa bango, ya huta. Mai ɗan hali aka turo mashi azara daga cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan wuce ta ƙasanta, sai tazarar tsakiya ta ragu ɗakin ya faɗaɗa. Wani aka kafa mashi ginshiƙi a tsakiya. Mai babban hali kuwa aka yi mashi bakan gizo: azara ce dai ake tasowa da ita daga bango biyu, gaɓa-gaɓa ana ɗaurewa da igiya har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa ta fito kamar baka. In baka biyu suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga, sunan daga itatuwan nan biyu na bakin gugar rijiya. A kan bakunan ake ɗora tulluwa. Sau da yawa za ka ga an manna faranti ko tasa daidai mahaɗar.

To ka ƙirga bakunan, ka lura da yadda aka jera azara a tsakaninsu, a miƙe ko kamar ƙashin kifi. Yawan baka yana gaya maka ƙarfin wanda ya gina zauren a ranar da ya gina shi, ba ƙarfin jikokinsa na yau ba. Na shiga zauren da bakansa zai yi kyau a gidan hakimi, alhali mai gidan yanzu faci yake yi a bakin titi. Da na bincika, kakansa fatake ne. Turken dawaki ma na nan a bayan zaure na biyu, an mai da wurin ɗakin haya.

Sai a nan za ka fiddo tef, in mai gida ya amince. Kaurin bango a bakin ƙofa, faɗi da tsawon ɗaki, tsayin baka. Ka zana gidan a takarda ko da zanen ɗan firamare ne: zaure, ƙofar gida, shigifa, turaka, ɗakunan mata, rijiya, madafa. A hoto ka tsayar da yaro ko sanda kusa da bango don a san girma.

Bango ba ya faɗin shekara. Wannan sai baki, kuma a nan ne shigar ƙanwarka cikin gida ke biya. Maza sun fi riƙe sunayen kakanni da sarautu, amma wane ɗaki aka fara, wanne ya faɗi, a wanne aka haifi wane, wannan ilimin tsofaffin mata ne. Sai dai akwai yadda ake tambaya. Na taɓa zama gaban matar yayan mahaifina na ce, “Inna, Allah ya ƙara maki lafiya, wace shekara aka gina soron nan?” Ta ce, “Kai ɗan nan, ni ina na san wata shekara?” Na yi shiru, na sake lale. “Da aka kawo ki gidan nan, kin iske shi?” Ta ce, “Na iske shi har ya fara tsagewa. Ana cikin yi mashi yaɓe aka ce an kashe Sardauna.” Shi ke nan, ta ba ni Janairun 1966, ta kuma tabbatar mani soron ya riga wannan lokacin da nisa.

Don haka ka haddace 'yan turakun da za ka ɗaure labari a kansu. Turawa sun shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903. Sarki Muhammadu Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya je hajji a 1921. Sarki Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Sarki Muhammadu Kabir daga nan zuwa 2008. In tsoho ya ce “zamanin Dikko” ya ba ka shekara kusan arba'in, sai ka matse da wata tambayar: kafin yaƙin Hitila ko ana cikinsa? Ga na kusa kuma akwai komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da samun jihar Katsina a 1987. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka rubuta shi da sunan “an ce”. Sai ka ji shi daga baki biyu da ba su zauna tare ba kafin ka ɗauke shi da ƙarfi. Kowane gida a birnin nan, in ka biye wa jikoki, tun zamanin Sarki Korau yake tsaye. Wurin na iya zama tsoho haka, amma ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa yake.

In kana son ma'auni, je ka kalli ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Gini ne na ƙasa da aka san shekarunsa, sai ka gwada hannun maginansa da abin da ka gani a lungunku. Ka kuma tambayi sunan unguwa da na lungu. Masanawa daga Wali Ɗan Masani take, Yarinci daga Yari. Sannan ka nemi kududdufin unguwar ko da an cike shi an yi shaguna a kai, don daga nan ƙasar gidajen ta fito.

Ba za ka daɗe kana wannan yawo ba sai wani mai gida ya ce, to Malam, ka gani, me zan yi kada ya faɗo mana? Abu na farko da nake cewa: kada ka shafa mashi siminti. Mu mun yi. Bayan rasuwar mahaifinmu muka haɗa kuɗi muka yi wa zaurenmu filasta, muna ganin mun yi mashi gata. Damina kaɗan aka yi, na ƙwanƙwasa bangon na ji yana amsawa kamar ganga. Wata safiya ɓangare guda ya sulluɓo kamar an cire wa bango riga, ƙasar da ke baya ta zama gari. Siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, laima kuma ta taso daga gindi, duka su rasa mafita. Ƙasa da ƙasa ake gyara ta, a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke hana ruwa zama amma yana barin bango ya bushe.

Rufi kuma da laso ake yi mashi: katsi daga ramin marina, gashin da majema suka kankare, da dafara, wani tsiro mai danƙo. A garin Wali Ɗan Marina katsi bai taɓa zama abin nema ba, amma da marina suka mutu sai laso ya bi su. Ina ganin wannan na cikin abin da ya kashe soraye ba tare da kowa ya lura ba. In ba a samu ba, gara a ɗora kwano a ɓoye bayan rawani a ceci bakan da ke ƙasa. Ba na son ganin sa, amma na fi ƙin ganin tarin ƙasa.

Sauran aikin na kowace shekara ne, kuma kafin ruwan farko ake yin shi, ba bayansa ba. Ka hau soro cikin Afrilu ka cire leda da ciyawa daga bakin indararo, ka toshe tsaga, ka tabbatar indararon ya zarce bango sosai. Ka duba gindin bango ta waje, musamman inda aka ɗaga titi ya fi gida tudu, don ruwan da ke kwanciya a nan shi ke cinye ƙafar gini. Ka soki azara da tsinken ƙarfe a inda ta shiga bango. In ya nutse, nemo magini a makon, kada ka jira bayan salla.

Magini ma sai ka zaɓa. Ka ce ya kai ka ka ga bakan da ya ɗaura da hannunsa. Wanda ke duba mana namu ya tsufa, ba ya iya hawa tsani, sai dai ya zauna a inuwa da sandarsa yana nuna wa jikansa. Ya ce in tanadi makuba kafin ƙarshen wata, kuma indararon gabas a ƙara mashi taƙi ɗaya.