Yaron da amai ke dawo masa duk wata: ki buɗe masa littafi

Idan ɗanki kan tashi da asuba da amai ba ƙaƙƙautawa, ko ciwon ciki daidai cibiya, fuska ta ɗashe, bayan kwana ɗaya ko biyu ya miƙe garau, sai an yi makonni abin ya dawo sak, to kafin ki koma kyamis a ce miki taifot ne, ki tambaya: wa ke ciwon ɓarin kai a gidan? A ɗakin yara inda nake aikin jinya, sau da yawa uwar ce ke cewa "ni ce."

Irin wannan amai ko ciwon ciki mai dawowa da ciwon ɓarin kai, ana ganin tushensu ɗaya ne. Ƙwaƙwalwa da hanji suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin a hanji yake. Wani sinadari mai suna CGRP, wanda jijiyar fuska ke saki lokacin ciwon ɓarin kai, akwai shi a jijiyoyin ciki. Wurin da ke tayar da amai kuwa a gindin ƙwaƙwalwa yake. Shi ya sa kundin ciwon kai na duniya na 2018 ya jera wannan amai da ciwon ciki tare da ciwon ɓarin kai, har da jirin da ke zuwa ya wuce da karkacewar wuyan jarirai. Da yawan yaran nan, in sun girma, ciwon kan koma kai.

Ki sayi littafin rubutu. Duk tashin ciwon ki sa rana, lokacin farawa da na lafawa. Abin da ya gabata shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ake mantawa: ya kwana da yunwa? An raba dare a gidan biki? Jarrabawa ce? Ko kun sha zafin Afrilu a adaidaita daga Kurna zuwa Zoo Road? Likita yana neman tashi biyar masu kama da juna, don haka ki kai littafin zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Malam Aminu Kano. Sai an duba maleriya, sikila da ciwon suga tukuna.

Ranar ciwon, ɗaki mai duhu, ba hayaniya, ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Ban da asfirin. Barci kan taimaka, kada ki tashe shi don makaranta.

Amma koren amai, jini, zazzaɓi, sanƙarewar wuya, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ki ajiye littafin, asibiti nan take ko da tsakar dare ne.