Motar Gudu a Katsina: Aikin da Za Ka Kai wa Dila da Wanda Za a Yi Maka a Gida

Duk wanda ya shigo da Mercedes C63, ko BMW 335i, ko Mustang, ko Dodge Challenger cikin Katsina ya san wakilan kamfanonin nan suna nesa. Mercedes-Benz tana hannun Weststar, BMW da Ford suna hannun Coscharis, Porsche kuma a Legas cibiyarta take. Daga nan zuwa Abuja ya haura kilomita 500, babu wanda zai yi wannan tafiya saboda juye kawai. Dole ka raba aikin gida biyu: wanda za a yi a gaban idonka a gareji, da wanda sai mai kwamfutar kamfani.

Fara da maganar garanti. In sabuwa ka saya a hannun dila, duk sabis ɗin da littafi ya tsara a can za ka yi shi, a buga maka hatimi, don ranar da giya ta ba da matsala littafin za a fara buɗewa. In kuwa Beljiyam ce da ta zo daga Amurka, kamar yawancin waɗanda ke yawo a titin IBB, garantin can ba ya biyo ta, komai da kuɗinka ne. Duk da haka ka ba dila lambar casis, mai haruffa da lambobi 17, ya duba maka ko kamfani ya taɓa yi wa irin motar kiranye saboda wani lahani.

Juye a gida za a yi shi, kuma kada ka jira agogon mota ya kira ka. Lissafinsa na kilomita 15,000 ko shekara guda an yi shi ne don ƙasashen da babu ƙurar hunturu, babu zafin Afrilu mai wuce digiri 40, babu zama a mota da AC a kunne ana jiran mutum a ƙofar gida. Shawararmu kilomita 5,000 zuwa 7,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka juya galan ka karanta lambar amincewar kamfani da ke bayansa. Mercedes na fetur tana son 229.5, Porsche A40, BMW kuma Longlife-01. Wasu na sayen Longlife-04 don suna ganin lambar ta fi girma, alhali BMW ba ta yarda a zuba shi a injin fetur ba a wajen Turai, saboda sulfa da ke cikin fetur. Yawan ma a kula: C63 mai injin 6.2 tana shan wajen lita 8.5, Challenger mai injin 5.7 ko 6.4 lita 6.6, Mustang 5.0 lita 7.6, daga ƙirar 2018 kuma lita 9.5. Galan ɗaya ba ya isar ko guda a cikinsu. Ka sayi baƙin man da kanka inda ka amince, a ɓalle murfin kana kallo, domin jabu ya yi yawa, kuma a canza filta da robarta da washar kusar tanki duk lokacin juye.

Filtar iska, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a buɗe ta duk wata. Ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta; in haske ba ya ratsowa, ta gama aiki. Kada a kai ta wajen mai faci a hura da iska mai ƙarfi. Takardar tana yagewa ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta dusashe na'urar auna iska, ta ci fikafikan tabo (turbo), ta goge ringi.

Inda aka fi kashe waɗannan motoci a garejinmu shi ne wajen ruwa. Da zarar allurar zafi ta motsa sai ka ji an ce, "Alhaji, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, ai abin ƙasar sanyi ne." Kada ka yarda, ko da wa ya faɗa. Injin an ƙera shi ya yi aiki wajen digiri 90 zuwa sama. In bai kai ba, kwamfuta tana ɗaukar har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ya wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. Sau da yawa lagireto ce ta toshe daga waje, don motocin a ƙasa suke, bakinsu na kwasar leda da yashi da ganyen darbejiya. A cire bamba a wanke tsakanin lagireto da kwandensa da ruwa marar ƙarfi. A BMW mai injin N54 ko N55, irin na 335i, famfon ruwan na lantarki ne, yakan mutu farat ɗaya bayan ya zaga kilomita 100,000, fanka ta hau ihu, mota ta rage gudu da kanta. A canza shi tare da tamostat. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa kada ya shiga. Kulan, wato ruwan sanyaya inji, na kamfani rabi, tataccen ruwa rabi. Mai C63 ƙirar 2008 zuwa 2010 ya sa ido sosai: in ruwa na raguwa babu ɗigo a ƙasa, kusoshin kan injin ne abin zargi, lahani ne sananne.

Fetur ma matsala ce. Mercedes AMG, irin su C63, da BMW M suna neman fetur mai lambar oktan 98, namu kuwa wajen 91 yake. Injin zai ja da baya don kare kansa, amma in ka danne totur har ƙasa da tsakar rana a hanyar Daura, kana gasa fistin ne. Ka tsaya a gidan mai guda mai ciniki, ka rabu da 'yan bumburutu. Challenger mai silinda takwas fulogi 16 gare ta, biyu a kowace silinda, kada a canza takwas a ce an gama.

Aikin da ya cancanci tafiya shi ne duk wanda ya shafi kwamfuta da giya. 'Yar na'urar da rewaya ke jonawa tana karanta lambar matsala ta goge, iyakarta ke nan. Mercedes sai kwamfutar Xentry, BMW sai ISTA, Porsche sai PIWIS, su ne ke sabunta manhaja, su gabatar wa mota sabon kaya. Ko batir aka canza wa BMW sai an yi masa rajista, in ba haka ba caji zai ci gaba da tafiya da lissafin tsohon, sabon ya mutu da wuri. Giyar kamfanin ZF mai hawa takwas, da ke cikin yawancin BMW da Challenger daga 2015, ana cewa man cikinta na har abada ne, amma ZF da ta ƙera ta ta ce a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000. Filtar tana haɗe da tiren ƙasa, tare ake canza su, kuma ana auna man ne inji na aiki, zafinsa tsakanin digiri 30 da 50. Wanda ya cika da ka, ko dai ya rage ko ya zarce, giya ta fara fizga.

Kafin ka kama hanya, kira ka ba da lambar casis, a tabbatar kayan suna ƙasa, don odar waje takan ci makonni motarka na kwance. Kada kowa ya goge wutar gargaɗi kafin ka je. Shaidar da za su yi aiki da ita ke nan. In jar wutar mai ta kama, ko mota ta tafasa, a ɗora ta a kan babbar mota, a shimfiɗa katako kada bamba ta karce.

Da ka isa, a rubuta ƙorafinka da bakinka: yaushe ƙarar ke fitowa, da sanyi ko da zafi, a wane gudu. Ɗauki hoton kilomita, da jikin mota, da ƙarƙashinta inda indomin salansa, wato matatar hayaƙi, yake, wannan a kowane gareji ne. Nemi takardar binciken kwamfuta da kiyasin kuɗi a rubuce, kuɗin kaya daban, na aiki daban, da sharaɗin ba za a ƙara komai ba sai an kira ka. In da kuɗinka aka yi, tsofaffin kayan naka ne, a sa maka a but. Na garanti ne kawai kamfani ke riƙewa. Tunda ka zo, a canza man birki DOT 4 in ya shekara biyu. Ranar karɓa, ka zaga da ita minti ashirin tare da makanikensu har ta yi zafi, a sake ɗaga ta a duba yoyo. Ka kwana a garin, ka tayar da ita da sanyin safe ka saurara, sannan ka kama hanyar Katsina.