Yadda Ake Dasa Itace a Ƙofar Gida a Zangon Kumasi

Damina na kankama a Kumasi daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin dashe ke nan. A 2021 aka fara ranar Green Ghana, wato ranar dashen itatuwa ta ƙasar Ghana, cikin watan Yuni, inda Hukumar Gandun Daji ta raba dashe kyauta, sai dai rabin aikin yana bayan karɓowa.

Da farko, nemi izinin mai gida, tunda yawancinmu a Aboabo da Asawase gidan haya muke. Sannan ɗaga kai ka dubi wayar lantarki, ka dubi kwata. Darbejiya da mangwaro suna da saiwa mai ƙarfi, kada ka matsa su jikin katanga.

Haƙa rami mai faɗin ledar dashen sau biyu, zurfinsa daidai tsawonta. Cakuɗa ƙasar da busasshen kashin shanu. Ɗanye yana ƙona saiwa.

Yaga ledar a hankali, kada ƙasar ta warwatse. Sa dashen, mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, ka bar ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya. Zuba bokiti guda.

Yanzu babban aikin: awaki. Akuyar zango ba ta san kunya ba, kafin azahar ta gama da ganyen. Kafa sanduna huɗu, kewaye da tsohon gidan sauro ko ragar waya, a ɗaure tamau.

Idan sama ta yi kwana uku ba ruwa, a shayar da yamma. Ruwan alwala ma ya isa, amma banda na sabulu. Lokacin hunturu kuwa, Disamba da Janairu, a ɗora wa wani yaro aikin, a riƙa ba shi na koko.