Darasi na 7: Auna Ƙarfin Tsokar Gwiwa

Tsokoki huɗu na gaban cinya ne ke miƙe gwiwa, uku na bayanta kuma su lanƙwasa ta. Da su mutum ke tashi daga zaune, ya hau bene, ya tsuguna. Bayan karaya ko tiyata, ko in amosanin gaɓɓai ya kama gwiwa, tsokokin nan kan motse da sauri, musamman na gaban.

Likita kan gwada ƙafa da hannunsa ya ba da maki daga 0 zuwa 5. Sai dai hannu ba ya gane ɗan ƙarfin da ya ƙaru cikin mako biyu ko uku. Shi ya sa ake amfani da dainamomita, wata 'yar na'ura mai cika tafin hannu, wadda ke nuna ƙarfi da kilo ko niyuton.

Za a zaunar da kai a bakin gado, ƙafafu na reto. Likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, zai ɗora na'urar a ƙwaurinka, sama kaɗan da idon sawu, ya ce ka tura. Fara a hankali, ka yi ta ƙarawa har iya ƙarfinka, ka riƙe na daƙiƙa 3 zuwa 5. Kada ka fizga, kada ka kwanta baya, kada kuma ka riƙe numfashi. Akan yi sau uku, da hutu a tsakani. In ka ji zafi mai tsanani, faɗa nan take. Ɓoye ciwo a nan cutar kai ne.

Tsokar gaban cinya takan fi ƙarfin hannun mai awo. In ƙafa ta ture hannun, lambar da ta fito ƙarfin likita ce, ba naka ba. Don haka a ganina ɗaure na'urar da bel a ƙafar gado ya fi. Kuma duk ranar awo a wuri ɗaya za a ɗora ta, domin in ta matsa kusa da gwiwa lambar za ta hau alhali tsokar tana nan yadda take.

Daga nan sai a kwatanta ƙafa mai ciwo da mai lafiya. Ɗan wasan da aka yi wa aikin jijiyar gwiwa, galibi akan so ƙafarsa mai ciwo ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin mai lafiyar kafin ya koma fili.

Aiki: Ƙafar dama ta ba da kilo 40, ta hagu kilo 30. Raba 30 da 40, ka ninka da 100. Kashi nawa ƙafar hagu ta kai? Kilo nawa ya rage ta kai kashi 90?